Na Mutane Ne

A gidan Malam Sharfaddeen, rajistaran wata kotu a Safana, akwai ƙa'idar da ta girmi duk wanda ke cikin gidan. Idan maigida ya dawo daga aiki, ba mai ce masa uffan sai ya cire hula, ya tsoma ƙafafunsa cikin ruwan ɗumi, ya watsa wa tantabarunsa gero. Ba shi ya ƙago ta ba. Haka mahaifinsa, Malam Nurain, wanda ya yi muhutin alƙali, wato magatakardarsa, a Batsari tun zamanin En'e, ya riƙa yi har ƙarfinsa ya ƙare. Marigayin ya kan ce duk abin da mutum ya kwaso a zauren shari'a, a bakin ƙofa ya kamata ya sauke shi, domin iyali ba su yi wa kowa laifi ba. Ya kuma bar wa ɗansa ƙa'ida ta biyu, wadda ta fi ta farko tsanani: abin da aka faɗa shi za ka rubuta, kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka sa baki. Shekara ashirin da bakwai Sharfaddeen yana riƙe da su duka biyun, kuma ba ya ɓoye alfaharinsa da hakan.

Ranar Talatar da abin ya faru, tun da hantsi aka ɓata masa rai. An nemi wani fayil an rasa. Sabon alƙalin, matashi ne haifaffen babban birni wanda bai cika wata huɗu a kujerar ba, ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce, "Rajistara, idan tsufa ya hana ka aiki, ka rubuto takarda ka huta." Can da azahar aka ga fayil ɗin a ƙarƙashin littattafan alƙalin kansa. Ba a ce masa ya yi haƙuri ba. Tun daga lokacin Sharfaddeen ya duƙar da kai kan takarda, ya ƙudurta ba zai sake ɗagowa ba sai an tashi.

A haka aka kira shari'ar ƙarshe. Wani makiyayi ne mai suna Rilwanu, ɗan shekara ashirin da shida, daga wata ruga a bayan Wagini. An kama shi a kasuwar dabbobi da bijimai biyu, wani ya ce bai yarda da asalinsu ba. A irin zamanin da ake ciki, matashi da sanda da shanu a gaba ba ya rasa mai nuna shi da yatsa. Alƙali ya ce zai ba da beli idan mahaifinsa ya tsaya masa. Aka shigo da wani dattijo dogo, siriri, wanda ya ce sunansa Ɗahiru, ya rufe bakinsa da gefen rawani.

"Ka san wannan?" in ji alƙali.

Dattijon ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji sai rajistara, mai teburin da ke kusa da shi.

"Rajistara, me ya ce?"

"Allah gafarta Malam, ya ce yana dai ganinsa a rugarsu."

"Yaya sunansa?"

"Ya ce bai riƙe ba."

"Ɗanka ne?"

"Ya ce na mutane ne."

Alƙali ya tura takardar beli gefe. Ya ce tun da wanda aka kawo a matsayin uba ya ce bai haife shi ba, a ajiye wanda ake tuhuma, gobe da safe motar Katsina ta wuce da shi gidan yari har sai an gama bincike. Kowa a zauren ya san abin da ake nufi da gama bincike: wani wata uku, wani shekara, wani kuma sai an manta da shi. Sharfaddeen ya rubuta kowace kalma yadda ta fito, aka sa hannu, ya kulle durowa, ya hau babur ɗinsa.

Da ya isa gida bayan la'asar, matarsa Murja ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta wuce madafa ta ƙara wa ruwan zafi. Ya rataye hula a ƙusa, ya zauna kan kujerarsa ta gindin darbejiya, ya tsoma ƙafafu. Tantabaru suka sauko daga tukwanen da aka jera musu a jikin katanga, suka kewaye shi. Ya ɗebo gero ya watsa. A kullum, kafin ƙwarya ta yi rabi, ya kan ji ƙirjinsa ya saki. Yau bai saki ba. Maganar tsufa ce ke ta dawo masa. Ya shirya amsa iri biyar da ya kamata a ce ya bayar, kowacce ta fi 'yar'uwarta kaifi, ya kuma san ba wadda zai taɓa furtawa. Ya tuna mahaifinsa ya yi aiki da alƙalai tara, har da wani mai jifa da alƙalami, bai taɓa shigowa gida da fushin ko ɗaya ba. Ya yi istigfari, ya sake watsa gero.

Da Murja ta ga hannunsa ya shiga ƙwarya karo na uku, ta san an buɗe ƙofar magana. Ta ajiye masa kofin kunun tsamiya ta zauna bakin tabarma.

"Sannu da aiki, Malam. Waccan ta Batsari ta bugo waya. Wai jaririn ya fara haƙori."

Ya so ya tsokane ta ko zuciyarsa ta yi sauƙi, kamar yadda ya saba. Zulaihat ce take nufi, 'yarsu ta fari, wadda ke aure a Batsari.

"Wace ce waccan? Mutanen Batsari ai suna da yawa. Ba ta da suna ne?"

"Kai dai Malam, ka fara ko? Ni ina na riƙe sunanta."

"To, 'yar wa ce?"

Murja ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. "Oho. Ta mutane ce."

Kofin bai kai bakinsa ba. Ya tsaya da shi a hannu yana kallon matarsa, mayafi a kan baki, ido a ƙasa. Sai ga rawani a idon zuciyarsa. Sai ga ƙafafun dattijon, waɗanda ya fi gani daga inda ya duƙa, yatsunsu suna ƙanƙame ƙasa. Sai ga gindin sanda yana karkarwa a kan siminti.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ya miƙe cikin kwano, ruwa ya zube, tantabaru suka tashi fir.

"Malam, lafiya? Cikinka ne?"

"Ɗan fari ne, Murja. Ɗansa na fari ne. Kunya ce ya yi, ba musu ba. Ni kuwa da bakina na isar, da hannuna na rubuta."

Ba abin da ya fi ƙona shi irin sanin cewa bai yi kuskuren ko wasali ɗaya ba. Alƙali yaro ne, a inda ya tashi iyaye na kiran 'ya'yansu na fari gatsal a gaban baƙi, yana da uzuri. Shi fa? Shekara talatin yana zaune da mace mai faɗin waɗannan kalmomi kusan kowace rana. Da ya ɗaga kai sau ɗaya tak, da ya gane. Fushin fayil ne ya danne masa wuya.

Ya kira alƙali, ƙafafunsa na ɗigar da ruwa. Sai a kira na uku aka ɗauka. Ya yi bayani.

"Rajistara, kai ka faɗa, kai ka rubuta, ni na sa hannu. Ko yanzu kana so ka ce rubutunka ƙarya ne?"

"Gaskiya ne, Allah gafarta Malam. Amma ba haka yake nufi ba."

"Kotu ba ta aiki da nufi. Mota ƙarfe takwas za ta tashi. Idan uban ya zo kafin nan ya faɗa da bakinsa, zan saurara. Idan bai zo ba, kada ka sake kirana."

Sharfaddeen ya fita ba hula, abin da maƙwabtansa ba su taɓa gani ba. A tasha direbobi suka tarbe shi da wasa.

"A'a, Malam Rajistara da kansa! Wa aka yi wa sammaci a cikinmu?"

Ya kwatanta musu dattijon. Ba wanda ya gan shi. Akori-kurar ƙarshe mai bi ta wajen Wagini ta tashi tun ana kiran la'asar. Ya juya ga 'yan acaɓa. Babbansu ya girgiza kai.

"Malam, ka dubi rana. Wannan hanya in rana ta yi ja haka, ko uwata ce ke naƙuda a can sai dai in yi mata addu'a daga nan. Kai ma ka koma gida."

Ya tsaya a tsakiyar tasha. Ruga ba ta da waya. Ko da asuba ya tashi, ba zai je ya dawo kafin takwas ba. Ya yi tunanin buɗe durowa ya kankare layi uku ɗin nan. Ya tuna an taɓa matsa wa mahaifinsa ya canza kalma ɗaya don wani mai sarauta, ya gwammace a mayar da shi ƙauye shekara biyu. Wannan ƙofa a rufe take. Saura guda: ya hau babur ya tafi da kansa, abin da Allah ya rubuta ya same shi. Sai dai bai san sunan rugar ba, yana cikin fayil. Ya nufi kotu.

Yana zagayawa ta bayan ginin don ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya ji wani sauti: ƙyas-ƙyas na harshe, irin wanda makiyaya ke yi wa garke idan za a tashi. A jikin bangon ɗakin da ake tsare mutane, ƙarƙashin wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe, dattijon ne zaune, ya jingina baya, gorar fura a tsakanin ƙafafunsa. Ya sake yin sautin. Daga ciki wani ya yi gyaran murya sau biyu.

Sharfaddeen ya matsa kusa. Ya durƙusa a gabansa. Duk da halin da yake ciki bai tsallake gaisuwa ba: ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu da ruwan sha, dattijon na amsawa da lafiya lau, sai alheri. Sannan ya rage murya.

"Baffa, na cikin nan shi ne afo?" Kalmar da Fulani ke kiran ɗan fari da ita ke nan.

Ɗahiru ya kawar da kai. "Malam, kai ba yaro ba ne. Ka san abin da ka tambaya."

"Na sani, Baffa, amma a makare na sani. Laifina ne. Gobe kafin takwas za a sake ba ka dama. Kalma ɗaya ce. Ka ce naka ne, ka faɗi sunansa, ku tafi gida."

Dattijon ya gyara wa gorar zama.

"Ubana a kan cinyata ya cika. Bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa zaton ba ya ƙaunata ba. Haka nasa uban ya yi masa. Yau a ce in tsaya gaban taro in daki ƙirji? Da wane ido zan koma ruga? Shi kansa da wane ido zai dube ni?"

"Baffa, gidan yari ne fa."

"A riƙe shanun. A zo a kwashi sauran ma. Ko a buɗe a sa ni, a fito da shi. Ni na ci zamanina."

"Ba a yin haka. Wallahi ba a yi."

"To, ka rubuta musu kai. Ai ka iya rubutu."

Sharfaddeen ya kama gefen rigar dattijon, shi da bai taɓa roƙon ko hakimi ba. Ya roƙe shi don Allah, ya roƙe shi don Annabi, ya roƙe shi don uwar yaron. Dattijon bai ce a'a ba, bai ce to ba. Hawaye dai suka gangaro suka shige rawani. Aka kira magariba. Suka yi salla tare a masallacin bakin kotu. Ya yi masa tayin masauki, Ɗahiru ya ce ya gode, nan jikin bango ya fi masa iska.

Sharfaddeen ya koma gida ba alkawari a hannu. Murja ta share inda ruwa ya zube, ta ƙarasa ba tantabaru geronsu, sun shige tukwane. Ta kawo tuwo, ya wanke hannu ya kasa kai loma. Babu ruwan ɗumin da zai sauke abin da ya shigo da shi yau.

"Murja, in tambaye ki, kada ki yi mini wasa. Da waccan ta Batsari ce a kulle, aka ce sai kin faɗa, za ki faɗa?"

Ta rufe kwanon tuwon.

"Sai in ce ni na goya ta, ni na yaye ta, ni na yi mata jere. Wanda bai gane ba, to ba mace ta haife shi ba."

Ya ɗago ya dube ta. A nan wani abu ya faɗo masa wanda ya fi shekara arba'in a kwance. Yana ƙarami, yana riƙe wa mahaifinsa tawada, ya taɓa jin wani tsohon alƙalin Batsari yana bin shari'ar gado. Bai tambayi shaida ko ɗansa ne ba. Cewa ya yi, ranar suna wa ya yanka?

Bai runtsa ba. Ƙarfe bakwai da rabi alƙali ya zauna, fuska a murtuke. Motar Katsina na bakin ƙofa, direba bai ma kashe ta ba. Aka fito da Rilwanu, aka shigo da Ɗahiru. Kafin alƙali ya buɗe baki, rajistara ya miƙe tsaye. 'Yan sandan da suka daɗe a kotun suka dubi juna. Ba su taɓa gani ba.

"Rajistara, zauna."

"Allah gafarta Malam, a ba ni takardar neman bahasi in na gama, zan karɓa da hannu biyu. Ina roƙon a bar ni in yi tambaya biyu, yadda magabata suka yi a kan wannan kujera."

Alƙali ya dubi agogo, ya ɗaga yatsu biyu.

"Baffa, ranar sunan wannan da ke tsaye, wa ya yanka?"

"Ni," in ji dattijon. Yau an ji muryarsa.

"Wa ya ba shi karsana?"

"Ni. Ja ce mai farin goshi. Bijiman nan biyu jikokinta ne. A duba kunnensu na hagu, tsaga biyu ce, irin ta garkenmu."

Sharfaddeen ya juya ga alƙali. Alƙali ya jawo takardar beli, ya ɗora alƙalami, sai ya tsaya.

"Na ji. Amma kawu ma yana yanka, maƙwabci ma yana ba da karsana. Ga gurbi nan an ce dangantaka. Jiya ya ce na mutane ne, yana cikin rubutu. Dattijo, ɗanka ne ko ba ɗanka ba ne? Ka faɗi sunansa."

Direba ya danna ham a waje. Sharfaddeen ya dafa tebur. Ya kashe abin da yake da shi duka, bai isa ba. Ɗahiru ya ɗaga hannu a hankali, ya janye rawani daga bakinsa. Leɓunansa na motsi, ba sauti. Ya haɗiye yawu, ya sake buɗe baki.

"Allah gafarta Malam!"

Rilwanu ne. Tun jiya bai yi magana ba sai yanzu. Ya juya fuskarsa ga bango.

"A kai ni Katsina. Na yarda, a kai ni. Kada a sa shi ya faɗa."

Alƙali ya dubi saurayin da ya ba dattijon baya, ya dubi dattijon da ya kafe ido a kan taga ta ɗaya gefen. Wuyansu iri ɗaya, sun karkatar da shi iri ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu.

"Rajistara, me ya ce?"

Sharfaddeen ya zauna, ya rubuta, ya karanta kalma bayan kalma, bai ƙara ba, bai rage ba.

Alƙali ya cike gurbin da hannunsa, ya rubuta uba, ya sa hannu, ya ce a sallami mota, a kuma je a duba kunnuwan bijiman. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, rajistara ya same shi a ofis ya karɓi takardarsa.

Da suka fito, uban na gaba, ɗan na biye da tazarar taku goma, ba wanda ya waiwayi wani. A bakin ƙofa Ɗahiru ya miƙa wa wani ɗan sanda gorar fura, wadda ta kwana ta yi tsami, ya ce, "A ba wancan."

Bayan la'asar Sharfaddeen ya rataye hula a ƙusa, takardar neman bahasi na ninke a aljihun gaba, ya tsoma ƙafafu cikin ruwan ɗumi. Bai kai ga watsa gero ba Murja ta karya ƙa'idar gidan, karo na farko tun da aka kawo ta.

"Malam, yaya aka ƙare da ɗan mutane?"

"An mayar wa mutane abinsu."

Ta koma madafa. Da ta fito da kunu ta tarar barci ya sace shi a kan kujera, hannunsa a buɗe kan gwiwa, tantabaru biyu na cin gero daga tafinsa.